Ƙasar Badala A Bangon Ɗakin Iya

A zangon karatun da ya wuce mun yi wani kwas a kan tarihin yaƙe-yaƙe, kuma a mako na huɗu malaminmu ya kawo mu kan Layin Majino. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, Faransa ta ƙudurta ba za ta sake bari Jamus ta shigo mata gida ba, sai ta kama gina jerin sansanoni na kankare da ƙarfe a kan iyakarsu tun daga wajen 1930. Aka sa wa aikin sunan ministan yaƙinta, Andire Majino. Akwai ɗakunan kwanan sojoji a ƙarƙashin ƙasa, da rumbunan abinci da na harsashi, har da ƙananan jiragen ƙasa masu jigilar kaya a cikin ramuka. Da Jamusawa suka kawo hari a watan Mayu na 1940, babbar rundunarsu ba ta tunkari layin ba. Ta dajin Ardan ta bi a ɓangaren Beljiyam, ta ɓullo masa ta baya. Cikin mako shida Faransa ta miƙa wuya.

Na kwashe duk wannan a littafina, har ina ja wa shekarun layi, don na san irin abin da ke fitowa a jarrabawa. Ana saura minti goma a tashi sai Malam ya rufe littafinsa ya ce, "Kanawan cikinku su ɗaga hannu." Muka ɗaga, mun fi rabin aji. Ya ce, "To wa ya fara gina ganuwar da kuka wuce ta gefenta yau da safe?" Aji ya yi tsit. Can wani daga baya ya ce Dabo, wata ta ce Rumfa, wani kuma ya ce Barbushe, aka bushe da dariya. Ni ban buɗe baki ba, alhali kuwa a gindin badala aka yanke mini cibiya. Idan ka hau soron gidanmu ita kake fara gani, ko in ce abin da ya rage nata.

Nan take Malam ya ba mu jinga. Mu kasu biyu-biyu, kowane biyu su zaɓi tsakanin wata ƙofa da wata, su taka da ƙafarsu, su rubuto abin da idonsu ya gani, su haɗa da abin da suka karanta. Ni aka haɗa ni da wani abokina Bazazzagi, wanda tun kafin mu fita daga aji ya fara yi mini tsiya, wai ganuwar Amina ce ganuwa, tamu kuwa Kanawa da za a samu mai saye da tuni mun auna ta a kwano mun sayar. Na ce masa ya bari mu je, gani ya kori ji. Na zaɓa mana daga Ƙofar Kabuga zuwa Ƙofar Kansakali, saboda nan ne kusa da gida.

Da karatun muka fara. Littafin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci, ya ce Sarki Gijimasu, jikan Bagauda, shi ya fara ginin. Ana ƙiyasta mulkinsa daga 1095 zuwa 1134. Littafin ya ce ranar da aka fara aikin shanu 100 aka yanka, kuma ganuwar farko ƙofofi 8 gare ta. Ɗansa Tsaraki ne ya kammala. Da gari ya bunƙasa sai Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta, shi da ya kafa Kasuwar Kurmi ya kuma gina gidan sarautar da har yau ake ciki. A zamanin Muhammadu Nazaki, tsakanin 1618 da 1623, aka sake ƙara ta ta yamma, kuma littafin ya danganta wannan aiki ga Wambai Giwa, ya ambaci Kabuga da Kansakali a ciki. Ke nan yankin da na zaɓa mana ya kai wajen shekara 400. Na tsaya a kan wannan layin na ɗan jima, don a da ni dai tudu ne kawai na sani da muke hawa mu gangaro a kan kwali.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne abin da suka zaɓa su kewaye. Wani Baturen Birtaniya mai suna Kilafaton ya shigo Kano a 1824, ya rubuta cewa gidaje ba su ci fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na filin da ke cikin ganuwa ba, sauran duk gonaki ne da lambuna. Dutsen Dala yana ciki, Gwauron Dutse yana ciki, ruwan Jakara yana ciki, ga rijiyoyi, ga kududdufai waɗanda suka samu daga ramukan da aka haƙi ƙasar gini. Ba sakaci ba ne ya sa aka bar wannan fili. Maƙiyin da ya kasa hawa ganuwa abin da yake yi shi ne ya kewaye gari ya zauna, ya jira yunwa da ƙishirwa su buɗe masa ƙofa. Garin da ke noma gero a cikinsa, yana shan ruwa a cikinsa, yana da dutsen da zai hau ya hango ƙurar dawaki tun daga nesa, zai iya jiran maƙiyi ya riga shi gajiya. Sannan idan aka ji labarin hari, mutanen ƙauyukan kusa sukan kwaso iyali da dabbobi su shigo, kuma akwai inda za su sauka.

Ita kanta ganuwar dabara ce a kan dabara. Daga waje akwai gwalalo, wato ramin da ya bi ta ya kewaye, a cikinsa kuma sarƙaƙiya, yadda doki ba ya tsallakewa, mai ƙafa ma sai ya sha ƙaya. Gindinta na da faɗi, tana sirancewa tana hawa. Ta ciki akwai dakalin da mayaƙa ke tsayawa su yi harbi ta kafofin da aka bari a sama, kuma wannan dakalin shi ne ainihin badala, kafin mu 'yan birni mu mayar da sunan na ganuwar gaba ɗaya. Ƙofofin ƙanana ne masu zurfi kamar zaure, wasunsu an shigar da su ciki ta yadda duk wanda ya tunkaro 'yan baka za su same shi ta dama da hagu. Kowace ƙofa da Sarkin Ƙofarta, ana rufewa da dare a buɗe da safe. Wasu daga cikin tsofaffin ƙyamaren suna nan a ajiye a Gidan Makama ga mai son gani. Gwamna Lugga, da ya ga ganuwar a 1903, ya rubuta cewa kewayenta mil 11 ne, ƙofofinta 13, tsayinta daga ƙafa 30 zuwa 50, kaurin gindinta kuma wajen ƙafa 40. Mutumin da ya zo cin garin ne ya yi wannan awo, ba maroƙin Sarki ba.

Duk da haka ba za a ce ba a taɓa shiga Kano da yaƙi ba. Kwararrafa sun shiga a ƙarni na 17, Tarihin Kano bai ɓoye ba. Amma shigar da ta sauya komai ita ce ta ranar 3 ga Fabrairu, 1903. Kanar Molan ya taso daga Zariya da sojoji 'yan Afirka wajen 700 da hafsoshi Turawa, da igwa huɗu da bindiga mai ruwa huɗu. Suka fasa Bebeji a hanya, suka iso. Sarki Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato da akasarin mayaƙansa, ya bar Sarkin Shanu da tsaron birni. Igwa ta yi ta dukan ganuwa, ƙasa tana haɗiye harsashi, ba ta fashe ba. Ƙofar da suka fara gwadawa ta gagare su, sai suka zaga zuwa wata, suka karya ƙyaurenta da igwa suka kutsa. Ƙofar Kabuga ake nunawa a matsayin inda suka shiga. Sarkin Shanu ya mutu yana kare gidan Sarki. Shi kuwa Sarki Alu daga baya aka kama shi aka kai shi Yola, sannan Lakwaja, inda ya rasu a 1926.

Da na gama karanta wannan sai na lura da wani abu da ban taɓa tunani ba. Layin Majino kewaye shi aka yi, ganuwar Kano kuwa ƙyaurenta aka karya, amma dukansu biyun maƙiyi ya bar su a tsaye. Bambancinsu ɗaya: kankare yakan yi shekaru ba wanda ya waiwaye shi, ƙasa kuwa ba ta da wannan haƙurin. Duk damina sai ta zaizaye, duk rani sai an tara mutane an kwaɓa ƙasa an yi tubali an cike gurbi an yi yaɓe. Abin da ya riƙe ganuwar Kano shekara ɗari takwas shi ne wannan gyaran na kowace shekara. Da Turawa suka ci gari, babu sauran harin da ake tsoro, sai gyaran ya yi ta ja da baya har ya tsaya. Har sababbin ƙofofi aka fasa a zamaninsu don sauƙin wucewa, irin su Sabuwar Ƙofa da Ƙofar Famfo. Daga nan aka bar ta da ruwan sama, da kuma mu.

Ranar Asabar da sassafe muka sauka daga adaidaita sahu a Kabuga, ni da littafi, abokina da waya yana ɗaukar hoto. Ba mu yi nisa ba tsiyar da yake yi mini ta ragu. A wani wurin ganuwar tana nan da ɗan tsayinta, jikinta duk zane-zanen da ruwa ya yi, awaki suna kiwo a kai. Gaba kaɗan sai ta koma tudu, gaba kuma sai ta ɓace ɗungurungum, sai gida ko shago ko garejin makanikai a inda take. Mun ga inda aka mayar da gindinta juji, mun ga inda aka jingina bangon gida da ita don a rage kuɗin bulo. A wasu wuraren sai mun tambayi dattawa kafin mu gane ta ina ta bi. Wani tsoho da muka tarar a kan benci ya nuna mana da sandarsa ya ce, "Samari, a kanta kuke tsaye." Muka duba ƙasa, ba komai sai kwata da ledoji.

Wajen ƙarfe goma muka iso wani giɓi da na sani kamar tafin hannuna. Yanzu hanya ce sosai, babura na wucewa, har mai baro da kaya yana bi. Gefe da gefensa kuwa ana ganin sawun diga a jikin ƙasar. Abokina ya tsaya ya ɗauki hoto, ya girgiza kai ya ce, "Wallahi Bakano, wasa a gefe, waɗanda suka yi wannan jahilai ne. Igwar Turawa ta kasa, su sun zo da diga sun gama da ita. Irinsu ɗauri ya kamace su." Na ce masa haka ne. Na sunkuyar da kai ina rubutu a littafi kamar mai aiki, amma ban san abin da nake rubutawa ba. Hausawa na cewa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ni ranar a kan nawa tudun nake tsaye, kuma na san shi.

Ina aji biyar a firamare aka yi wata marka a watan Agusta, kwana uku ana ruwa ba ƙaƙƙautawa. A dare na uku, gab da asuba, bangon baya na ɗakin kakata, wadda muke kira Iya, ya zube. Allah Ya kiyaye ta fita yin alwala, da a kan gadonta zai same ta. Mahaifina tela ne, kuma wannan shekarar kasuwa ba ta yi ba. Maganar bulo da siminti ma ba ta taso ba, ko tifa ɗaya ta jar ƙasa ta fi ƙarfinsa. Iya ta koma ɗakin mahaifiyata, mu yara muka koma zaure. Da ruwa ya ɗauke aka kira magini, ya duba ya ce, "Ga ƙasa nan a bayan gida, wadda ta fi kowace kyau, an riga an kwaɓa ta tun zamanin kakanni."

Kwana biyar muka yi muna fita bayan sallar asuba, kafin gari ya waye sosai. Baba da diga, yayana da shebur, ni kuma da baron da muka aro. A lokacin wurin ɗan rami ne da wasu suka fara, mu muka zurfafa shi. Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗin aikin. Ina jin kaina babba, ina tura baro ina ƙidayawa, in na dawo Iya ta ba ni ƙosai biyu fiye da na kowa. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai: a rana ta farko, muna komawa gida, Baba ya dafa kafaɗata ya ce, "Kada ka faɗa a makaranta." Ban tambaye shi dalili ba, na kuma manta da maganar shekara goma, sai da abokina ya ce jahilai.

Da yamma na shiga wurin Iya da zafina. Tana zaune a ƙofar ɗakin tana tsintar wake. Ta ɗago ta ce, "Maigida, yau kuma da wace ka zo, ka shigo ba cefane?" Na zauna na ce, "Iya, kin san ƙasar bangon nan ta tarihi ce? Shekararta ɗari huɗu. Laifi muka yi da muka ɗebo ta." Na kawo mata Gijimasu, na kawo mata Wambai Giwa, na kawo mata Lugga da awonsa. Ta bar ni har na gama, ba ta daina tsintar wakenta ba. Sannan ta ce, "Shi tarihin, da ɗakin ya faɗi, ya zo ya yi mini jaje?" Na yi shiru. Ta ce, "Ka ce an gina ta don ta kare mutanen gari. Ni ba mutuniyar gari ba ce? Ga shi shekara goma tana kare ni daga ruwa da sanyi. Can da kuka baro ta wa take karewa, awaki?"

Daga nan ta ajiye faifan ta shiga ba ni labari. Ta ce lokacin da aka kawo ta gidan nan tana amarya, bayan gidan duk gonakin gero ne da gyaɗa har gindin badala, kuma badalar in ka tsaya a ƙasa sai ka ɗaga kai hular kanka ta faɗi. Ta ce surukinta, kakan Baba, yakan ba su labarin da ya ji daga nasa uban, cewa bayan an gama girbi ake yin shela, a fito da kiɗa, kowace unguwa da kowane gari da yankin da aka yanka masa, kuma wanda ya ƙi fita ya san sauran. "Kuna ce masa gayya a littafinku," in ji ta, "amma ba kowa ne ya je da son ransa ba. Masu sarauta suna kan doki, irinmu da bayi su ne da ƙasa a ka. To in jikan mai ɗaukar ƙasa ya ɗebi baro goma, ai bashi ya karɓa." Ta yi dariya ta mayar da faifanta kan cinya. Ban iya ba ta amsa ba, amma kuma zuciyata ba ta kwanta ba, don in kowane jika ya zo karɓar bashinsa, me za a nuna wa jikokinmu?

Baba na samu da dare, yana ƙarasa wani ɗinki. Na daɗe ina kewaye-kewaye kafin na ce masa ina so in sa labarin a cikin jingata, amma in bai yarda ba na fasa. Ya tsayar da keken, ya daɗe yana kallon allurar. Ya ce, "Na san ba daidai ba ne, shi ya sa na ce kada ka faɗa. Wanda ya san yana kan gaskiya ba ya fita aiki kafin gari ya waye. Amma ka sani, ko gobe aka maimaita, uwata ba za ta kwana a tsakar gida ba ga ƙasa ina kallo." Ya sake taka keken, sannan ya ƙara da cewa, "Rubuta. Kada dai ka sa sunan maginin, yana da iyali." Ban taɓa jin Baba ya amsa laifi a gabana ba sai ranar, ban kuma taɓa ganin girmansa kamar ranar ba.

Abokina na fara gaya wa. Ya buɗe baki ya rufe, sannan ya ce, "Ai na faɗa, Bakano ba ya ganin kaya a ƙasa ya wuce." Muka yi dariya, amma da kansa ya cire kalmar jahilai daga rubutunmu. Ranar gabatarwa na karanta sashen muryata tana rawa. Malam bai yaba mini ba, bai kuma zarge ni ba. Ya juya ga aji ya ce, "Akwai wanda ya san a gidansu ko gidan danginsu akwai ƙasar badala?" Aka ɗan jima, sai hannu ɗaya ya tashi, sai wani, sai wani. Ya gyaɗa kai ya kira na gaba.

Tun daga ranar nake kallon layinmu da wani ido. Shekarun baya, da sace-sace da ƙwacen waya suka yi yawa, mutanen layin suka haɗa kuɗi aka sa ƙofar ƙarfe a bakinsa. Ƙarfe goma sha ɗaya na dare ake rufewa, akwai mai riƙe da makulli, kowane gida yana biyan kuɗin 'yan sintiri duk wata. In ƙyauren ya lalace, kafin kwana biyu an kira mai walda. Baba, wanda ya sari badala da diga, yana cikin masu fara biya. Ashe gayyar ba ta mutu ba, wuri ta sauya. Mutane suna gyara abin da suka yi imani yana kare su, suna kuma barin abin da ya daina. Har Sarkin Ƙofa muna da shi, sunan ne kawai ba mu ba shi ba.

Sai dai akwai abin da ya ɓace a wannan sauyin. Ganuwar da ɗaya ce, kuma kowa yana cikinta: attajiri da almajiri, ɗan gari da baƙon Kurmi, har da mutumin ƙauye da ya gudo da akuyarsa. Yanzu kowane layi da ƙofarsa, kowane mai hali da katangarsa, da waya mai ƙaya ko fasassun kwalabe a kai. Wanda ake tsoro a da daga wata ƙasa yake tasowa. Na yau kuwa sau da yawa ɗan layin baya ne, sa'anmu, wanda wataƙila tare muka yi gangare a kan badala muna yara.

Ba na rubuta wannan don in wanke gidanmu ba. Abin da muka yi ɓarna ce, ramin da muka zurfafa shi ya zama hanya, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ba kuma zan yarda a ɗora wa masu baro laifin duka ba. Abin da katafila ke sharewa a wuni ɗaya don a fitar da fuloti, masu baro ba za su kwashe shi a shekara ba, kuma masu wannan ba ɗakin uwarsu ne ya faɗi ba. An rushe wasu tsofaffin ƙofofi an sake gina su da siminti don titi ya samu faɗi. Ganuwar tana cikin kayan tarihin da dokar ƙasa ta ce a kare, kuma tun 2007 sunanta yake cikin jerin wuraren da Najeriya ta gabatar wa UNESCO tana neman a sa su cikin kayan tarihin duniya. Amma takarda ba ta yaɓe. Idan ana so abin da ya rage ya tsaya, sai mutanen da ke kwana a gindinsa sun ga amfaninsa a rayuwarsu: a ɗauki 'ya'yansu aikin gyara, a koya musu ginin ƙasa a wurin tsofaffin magina tun suna raye, baƙon da ya zo kallo ya bar wani abu a unguwar. Tambayar Iya ce har yanzu ba a amsa ba, wa take karewa?

Mu ɗalibai ba mu da katafila, ba mu da kasafin kuɗi, amma muna da ƙafa da waya da kakanni. Kai ɗan Zariya, ke 'yar Katsina, ku na Daura da Bauci da Haɗeja da Damagaram, duk kuna da ganuwa ko ragowarta. Ku ware Asabar ɗaya ku taka daga ƙofa zuwa ƙofa. Ku ɗauki hoto ku rubuta rana da wuri, don abin da kuka gani bana ba lallai ne ya kai baɗi ba. Ku zauna da tsofaffin unguwa ku tambaye su ta ina ta bi da abin da ke bayanta a da, ku naɗi muryarsu in sun yarda. Kada ku je musu da wa'azi kamar yadda na je wa Iya, za ku sha kunya. Ni yanzu duk ƙarshen wata nakan ɗauki ƙanena mu je giɓin nan mu ɗauki hotonsa daga wuri ɗaya, kuma ya riga ya san sunan Gijimasu tun yana aji huɗu.

Makon jiya Iya ta kira ni ta nuna mini wata tsaga a bangon ɗakinta, ta ce, "Maigida, damina ta kusa, ko sai ya faɗo mini za ka motsa?" Duk shekara kafin ruwa ya sauka sai mun yi wa bangon nan yaɓe, ba mu taɓa tsallakewa ba. A duk tafiyar da muka yi daga Kabuga zuwa Kansakali ban ga wani yanki na badala da ke samun wannan gatan ba. Bana na gaya wa Baba sayen ƙasar za mu yi wurin masu jakuna, bayan mun tambaye su inda suka haƙo ta, kuma rabin kuɗin daga aljihuna.